Aji da safe, fili da yamma: kurakuran da malamin jami'a mai horar da 'yan kuros kantiri ya fi yi a Amurka

Duk wanda ya yi makarantar kwana a gida ya san kuros kantiri, a tashe ku da asuba ku zaga bayan gari ku dawo kuna haki, sau ɗaya ko biyu a shekara shikenan an gama. To a jami'o'in Amurka wasa ne mai zaman kansa da kakarsa, daga ƙarshen Agusta har Nuwamba, ana gudu a kan ciyawa da taɓo da hawa da gangara, maza kilomita 8 ko 10, mata 5 ko 6. Manyan jami'o'i suna da kocin da ba ya komai sai horarwa, amma a ƙananan kwalejoji, musamman na rukuni na uku na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka mai rukuni uku, inda ba a ba ɗalibi sikolashif don wasa, sau da yawa mutum ɗaya ne zai shiga aji da safe kuma ya fita fili da yamma da agogo a wuya. Aikin da nake yi kenan, kuma abubuwan da zan faɗa wasu ni na yi su da kaina na sha wahalarsu, wasu a wajen abokan aiki na gani.

Kuskuren farko tun kafin ka taka fili ake yinsa, wato karɓar aikin da baki. Za a ce maka ai wata uku ne kawai, ka taimaka, kai kuma don son abin ka ce to. Ba wata uku ba ne malam. Kusan ko'ina mai horar da 'yan kuros kantiri shi ne dai zai riƙe masu dogon gudu a gasar cikin ɗaki daga Janairu zuwa Maris, sannan ta waje har Mayu, da rani kuma kai ne mai tura musu tsarin gudun hutu, ga neman sabbin yara daga sakandare wanda shi kam ba ya ƙarewa, kiran waya da imel da zaga iyaye cikin makaranta ranar Asabar. Gyaran shi ne ka zaunar da shugaban sashenka da daraktan wasanni, su biyun a zama ɗaya, a rubuta kwas nawa za ka koyar a zangon kaka, ko za a rage maka ɗaya, kuma ko horarwar nan za ta shiga lissafi ranar da za a duba ƙarin girmanka. In ba ka yi haka ba kowannensu zai ɗauka kai nasa ne gaba ɗaya, kuma ranar da kwamiti ya zauna bincike da koyarwa za su tambaya, ba wanda zai tuna Asabar nawa ka kwana a hanya.

Sai maganar kalanda, wanda wallahi nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Mutum zai tsara manhajar kwas ɗinsa daban, ya tsara gasanni daban, bai taɓa ɗora su a takarda ɗaya ya kalla ba, sai Oktoba ta zo ya ga an yi karo. Jarabawar tsakiyar zango a Oktoba take, gasar ƙungiyar makarantun da kuka saba karawa da su tana ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ta yanki ta biyo baya, ta ƙasa kuma galibi Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyar da suke yi a ƙarshen Nuwamba, kana dawowa jarabawar ƙarshe na jiranka a Disamba. Ni shekarata ta farko na sa ɗalibai su kawo babban aiki ranar Juma'ar da za mu yi tafiya, takardun suka yi sati uku a jakata ban duba ba, kuma yaran suna buƙatar gyaran kafin su rubuta na gaba, na cuce su ba da niyya ba. Yanzu tun Yuli nake zama da kalanda ɗaya, in fara saka ranakun gasa tunda su ba sa motsi, sannan in jera jarabawa da asaimen a makonnin da ba tafiya, a kawo ranar Litinin ko Talata don in samu tsakiyar mako in yi makin. Kuma kar ka yaudari kanka cewa za ka yi makin a cikin mota, ba za ka yi ba, in ma ka yi ba adalci a cikinsa.

Abin da ke tafiya tare da wannan shi ne soke ajin Juma'a saboda tafiya. Sau ɗaya za a yi maka uzuri, na uku ɗaliban da ba ruwansu da gudu za su fara jin cewa su ne 'yan bora, kuma suna da gaskiya don kuɗi suka biya. Ka roƙa tun wuri a sa maka azuzuwan kaka ranar Talata da Alhamis, in bai yiwu ba ka shirya wanda zai tsaya maka ko aikin da za su yi, ka rubuta ranakun a manhaja tun satin farko kowa ya sani. Haka su ma 'yan gudunka, dokar NCAA ba ta yarda ɗalibi ya bar aji don atisaye ba, to mai laburatare da ƙarfe uku na yamma kar ka matsa masa, ka buɗe zama na biyu da sassafe ko ka haɗa shi da wani su yi tare.

Amma wanda ya fi damuna, kuma shi ne ba a cika magana a kansa ba, shi ne sa hula biyu a gaban yaro ɗaya. A ƙaramar kwaleji dole wata rana wanda kake horarwa ya zauna a ajinka. Ka duba matsayinsa, makinsa yana hannunka, zuwansa gasa ma yana hannunka, ina zai kai kuka? In ya faɗi tes ɗinka da safe, da yamma zai zo fili yana kallon fuskarka ko ka canza masa. In ƙafarsa na ciwo zai iya ɓoyewa don kar ka ce malalaci ne a wuri biyu. Wasu malaman sai su sassauta wa nasu, a ƙara musu kwana biyu a asaimen ba a ƙara wa kowa ba, wasu kuma don gudun zargi sai su tsananta musu fiye da kima, duk biyun zalunci ne. Abin da ya yi min aiki, ina sa a rubuta lamba a takardar jarabawa maimakon suna, dokar jinkiri iri ɗaya ce ga kowa kuma a rubuce take, sannan tun ranar farko nake gaya musu a fili ba ma maganar maki, a ofis lokacin ganin ɗalibai ba ma maganar gudu. In akwai wani malamin da ke koyar da kwas ɗin nakan ba su shawara su je wajensa, ba don ba na son su ba, don su samu wurin numfashi.

Kuma don Allah kar ka ɗaga waya ka kira abokin aikinka kana cewa yarona ne ka duba min shi. Ko da wasa ka faɗa, ka riga ka zubar da mutuncin yaron da naka. Kowace makarantar NCAA tana da wakili daga cikin malamai da ke tsakanin sashen wasanni da ɓangaren karatu, ga masu ba ɗalibai shawara, ta nan ake bi. Sannan akwai dokar FERPA ta 1974 mai kare bayanan karatun ɗalibi, wato abin da ka sani na makin yarinya don kai malaminta ne ba naka ba ne da za ka faɗa a gaban tim, ko ka gaya wa mahaifinta a bakin fili don ya tambaye ka cikin fara'a.

A ɓangaren horarwar kanta, kuskuren mai aiki biyu daban yake da na sauran. Saboda lokacinka kaɗan ne sai ka ji kamar duk ranar da ka fito dole a yi abu mai zafi don fitowar ta biya, sai ranakun sauƙi su koma tsere, kowa na bin na gaba. Jack Daniels, masanin aikin jiki da ya yi shekaru yana koyarwa yana horarwa a Cortland ta jihar Niyok kuma 'yan matansa suka ɗauki kofin ƙasa na rukuni na uku sau da dama, abin da aka san shi da shi kenan, kowane gudu ya zama ka san dalilinsa, kuma saurin atisaye a ɗauko shi daga abin da yaro ya gudu kwanan nan a gasa ba daga abin da kake masa buri ba. Kwana biyu masu nauyi a mako sun isa, in akwai gasa ranar Asabar ita ce ta biyun. Sabbin shiga kuma kar ka yarda da abin da suka ce sun gudu lokacin hutu, ka fara da su ƙasa, ka ba jikinsu kamar sati biyu ya saba da zafin Agusta, don tsagewar ƙashin ƙwauri ko na tafin ƙafa daga ƙara kilomita da gaggawa take zuwa kuma tana iya cinye kakar gaba ɗaya.

Wani abin mamaki, mu da muke cikin aji mu ya kamata mu fi kowa sanin satin jarabawa, amma mu ne za mu sa atisaye mafi wuya a cikinsa. Yaron da ya yi barcin awa huɗu yana karatu jikinsa ba zai warke daga gudun jiya ba, gajiyar kai da ta ƙafa a jiki ɗaya suke sauka. Satin nan ka rage, ba abin da zai lalace. A rukuni na ɗaya na NCAA doka ta ƙayyade awa 20 a mako lokacin kaka da hutun kwana ɗaya, kuma ko a inda lissafin ya bambanta ranar hutun nan kar ka cika ta da gudun "ganin dama" wanda kowa ya san ba ganin dama ba ne.

Maganar nauyin jiki kuwa ka cire bakinka kwata-kwata. Kalma ɗaya daga koci, ko da cewa ka yi "kin rame kin yi kyau a gudu", tana iya sa yarinya ta fara rage abinci, ta yi sauri na ɗan lokaci sannan al'adarta ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni, rauni ya biyo rauni. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya kira matsalar RED-S, wato ƙarancin abincin da zai ɗauki nauyin wasa, don a gane ba mata kaɗai take kamawa ba, maza ma tana kama su. In ka ga yaro kullum a gajiye, yana tsallake cin abinci da tim, ko saurinsa ya faɗi ba dalili, ka tura shi wajen mai kula da lafiyar 'yan wasa da likita a duba har da sinadarin ayon, wato ƙarfe, a jini. Digirinka a wani fanni bai mai da kai likita ba.

Akwai kuma zuba duk ɗan lokacin da kake da shi a kan tauraro ɗaya. Lissafin wasan nan da kansa ya hana haka, ana haɗa matsayin mutum biyar na farko na kowane tim, mai ƙaramin jimla shi ya ci, na shida da na bakwai kuma ba a ƙirga nasu amma suna tura 'yan wasu tim baya. Kaga in naka suka zo na 1 da 2 da 3 sannan na 40 da 45 kana da 91, wani da nasa suka zo na 10, 12, 14, 16, 18 yana da 70, ya cinye ka ba tare da ko ɗaya nasa ya shiga sahun gaba ba. Joe Vigil, wanda shi ma a lokacinsa farfesa ne kuma koci a kwalejin Adams State da ke Alamosa a Kolorado, garin da ke kan tudu kusan mita 2,300, a gasar ƙasa ta rukuni na biyu ta 1992 yaransa ne suka zo na ɗaya har na biyar, maki 15, wanda ba a iya yin ƙasa da shi. Ni duk sati nakan tabbatar na yi magana ta minti biyar da na huɗu zuwa na goma a tim ɗina, ɗaya bayan ɗaya, don su ne suka fi saurin jin cewa ba a ganinsu, kuma su ne ke barin tim shiru a shekara ta biyu.

Sai tuƙi. Ka koyar da aji uku ranar Juma'a, ka tuƙa bas ɗin makaranta awa biyar da yaran mutane a baya, ka wuni a tsaye ranar Asabar kana gudu daga wannan kwana zuwa waccan, sannan ka ce kai za ka tuƙo su gida da dare. Wannan ba jarumta ba ce, rayuka ne a hannunka. Ka nemi direba na biyu da makaranta ta amince da shi, ko a kwana a taso da safe, in an ce ba kuɗi ka rage gasa ɗaya daga jadawali. Haka sauran ƙananan ayyuka, kiran suna da ɗumama jiki da tattara kaya ka ba kyaftin, rubuta lokuta ka samu ɗalibi mai taimako.

Bayan gasar ƙarshe a Nuwamba da yawa sukan yi saurin fara shirin Janairu. Ni ina sallamarsu sati biyu cur, ba taro ba saƙon gurup, su fuskanci jarabawa ni ma in fuskanci takardun da ke kan teburina. Abu ɗaya kawai nake yi a satin, in ɗauki kalandar nan ta Yuli in zagaye da jan biro duk makon da abubuwa suka cakuɗe, in rubuta dalili a gefe, in ajiye ta a durowa sai Yuli mai zuwa.