Darasi na 7: Babbar Manhajar Kwamfuta da Inda Masu Ita ke Cin Riba

Kwamfuta ba ta tashi sai da babbar manhaja. Ita ke buɗe maka allo, ta ajiye takardunka, ta haɗa ka da firinta da intanet. Za mu duba guda uku: Windows, macOS da Linux. Kowacce ka gani, halinta ya biyo hanyar da masu ita ke samun kuɗi.

Windows ta kamfanin Microsoft ce, ta fara fitowa a 1985. Kamfanin yana sayar da lasisinta ga masu ƙera kwamfuta irin su HP, Dell da Lenovo, kuɗin kuma yana cikin farashin da ka biya ko ba a faɗa maka ba. Shi ya sa take cike ofisoshi da shagunan buga takardu. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba. Windows 11 da ta gaje ta kuwa sai kwamfutar da ke da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Nan mai sayen tokumbo zai buɗe ido. Laftof lafiyarta ƙalau, batir yana riƙe caji, amma sabuwar Windows ta ce ba ta san zancen ba. Ka tambayi mai shago kafin ka ƙirga kuɗi.

Apple kuwa tun 2013 yake ba da macOS kyauta. Ba don Allah ba ne, ribarsa a jikin na'urar take, don manhajar an yi ta ne domin Mac kaɗai, wato kwamfutar da Apple ɗin ke ƙerawa.

Linux wani ɗalibi ne a Helsinki, Linus Torvalds, ya faro ta a 1991. Kyauta ce, kowa yana iya gyara ta. Nau'o'inta irin su Linux Mint kan farfaɗo da tsohuwar kwamfutar da aka fid da rai da ita. Sai dai mai zana katin biki da CorelDRAW zai sha wuya, don ba a yi shi domin Linux ba. Mai rubuta wasiƙa da lissafin shago dai LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi da ke aiki a Linux, ta ishe shi.

Aikin yi: Kunna kwamfutar aji. Idan Windows ce, shiga Settings, ka danna System, sannan About. Rubuta a littafinka ko 10 ce ko 11.