Darasi na 9: Kurma a Cikin Ikilisiya

A majami'unmu na Kaltungo da Billiri da cikin garin Gombe, da wuya a rasa wani kurma mai zuwa sujada kowace Lahadi. Yakan zauna a bencin baya. Mawaƙa su tashi, fasto ya yi wa'azi, jama'a su yi dariya, shi kuwa sai kallon bakuna. A gida ma haka ne. Ana shawarar auren ƙanwarsa a gabansa, amma sai ya ga ana kafa rumfa kafin ya san da biki. Wannan wariya ta fi kurumtar kanta ciwo.

Kurame da yawa da jinsu aka haife su. Sanƙarau ne ya taɓa su, ko ƙyanda, ko hangum, ko ciwon kunne da aka bari ba magani. Manya ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba. Ba aikin aljanu ba ne, ba kuma alhakin iyaye ba.

Buɗe Markus 7:31-37, ka karanta a hankali. An kawo wa Yesu kurma. Bai tsaya yi masa jawabi ba. Ya ja shi gefe, nesa da masu kallo. Ya sa yatsu a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga kai sama. Duk wannan abu ne da ido ke gani, don mutumin ya san abin da za a yi masa. Mu ba mu iya buɗe kunne ba, amma jan mutum kusa ai bai fi ƙarfinmu ba.

Andrew Foster, kurma ne baƙar fata daga Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Kurma ya koyar da kurame, suka yi karatu.

To, yaya za ka yi? Taɓa kafaɗarsa a hankali, kada ka jefe shi da tsakuwa don ya juyo, kamar yadda yara ke yi (wasu manyan ma). Tsaya inda haske ke faɗa wa fuskarka. Ihu ba ya amfani. Kada ka ce, "Bari, daga baya zan faɗa maka," domin daga bayan nan ba ta zuwa. Roƙe shi ya koya maka maganar hannu, ko da gaisuwa ce kawai.

Kai da ka koyi karatu da girma, ka san zafin a miƙa maka takarda kana raba ido. Yanzu ka iya biro. Rubuta masa aya da lambar waƙa a takarda, ko ka tura masa saƙo ta waya.

Aiki: Kwafi Littafin Firistoci 19:14 a littafinka. Sannan ka rubuta jimla 3 da za ka miƙa wa kurma ranar Lahadi. Mata, ku kai wannan batu taron zumunta.