Yadda za ka bi salsalar gidanku a Zariya

Masu tambayata sun yi yawa, to ga yadda nake yi:

1. Je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku, da goro a hannu. Ce mata, "Iya, wa ya haifi Kaka?" Bar ta ta yi ta zuba.

2. Ɗauki muryarta a waya.

3. Rubuta kowane suna da laƙabinsa da unguwarsa, Kwarbai ce ko Unguwar Juma.

Hattara: Muhammadu da Abdullahi sun cika birni. In ba laƙabi, sai ka manna wa kanka kakan wasu. Ni na taɓa ɓata wata uku a haka.

4. Buɗe gafakar kakanku, duba gefen takardu. Malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a nan da ajami.

5. Kai sunayen wurin mai unguwa.

6. Nemi tsofaffin takardun Lardin Zariya a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

7. In ka gano jikoki masu rai, tura dattijo ya fara yi maka sallama. Ya faɗa musu tun a zaure cewa zumunci ya kawo ka, ba gado ba.