Yadda za ka shiga jirgin ruwa ka je kallon kufan Filae a Aswan

To masu zuwa Masar asibiti ko karatu ko saro kaya, in kun samu rarar kwana biyu don Allah kar ku ƙarar da su a zagayen kantunan Alƙahira, ku gangara Aswan a kudancin ƙasar ku ga kufan Filae, wani tsohon wurin bauta a kan tsibiri cikin kogin Nilu. Daga nan Kaduna ka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja ka tashi Alƙahira, daga can ko dai jirgin sama wajen awa ɗaya da rabi ko jirgin ƙasa na dare da zai kwana da kai a hanya, ya danganta da nauyin aljihunka.

Sammako shi ne komai. Kana idar da sallar asuba ka karya ka nemi tasi ya kai ka bakin ruwa a Shallal, don zafin Aswan ba na wasa ba ne, a watan Yuni yana wuce 40, shi ya sa gara tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ka riƙe ruwan gora, hula mai faɗi da katin bankinka saboda tikitin shiga.

Ga inda mutane suke shan mamaki, tikiti daban kuɗin jirgi daban. Masu jiragen yawanci Nubawa ne kuma ciniki ake yi sosai kamar kana Kasuwar Barci, ka ce wa mai jirgi "bikam", wato nawa ne, ya faɗa, kai kuma ka girgiza kai kamar za ka wuce. Kafin ka sa ƙafa ku daddale cewa zuwa da dawowa ne, kuma awa nawa zai jira ka, kar ka biya duka sai kun dawo. In kai kaɗai ne ka lallaɓa ka haɗu da wasu ku raba kuɗin. Ka kuma haddace fuskar mai jirginka, wallahi jiragen duk kamarsu ɗaya.

Tafiyar minti goma ce haka, amma ka zauna ta gaba, kuna kewaye duwatsun nan kawai sai ka ga ginin ya taso daga cikin ruwa. Wurin bautar wata gunkiya ce Isis tun zamanin Fir'aunoni, mu dai kallo ya kai mu. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ba a nan aka gina shi ba, tun 1902 tsohuwar madatsar ruwa ta Aswan take nutsar da shi, da aka gama babbar a 1970 sai UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da gwamnatin Masar suka kwance shi dutse dutse aka sa wa kowanne lamba, aka sake harhaɗa shi a nan tsibirin Agilkiya, aka gama a 1980.

In ka shiga ka duba jikin ginshiƙai da kyau za ka ga gicciye a sassaƙe, an taɓa mayar da wurin coci. Rubutun zanen tsuntsaye da macizai na mutanen da kuwa, na ƙarshe da aka sani a duniya nan aka yi shi a shekara ta 394.

Awa biyu ta ishe ka. Da la'asar in akwai sauran ƙarfi ka hau faluka mai tafiya da iska ka leƙa tsibirin Elefantin, amma fa in iskar ta ɗauke haka za ku zauna tsakiyar Nilu kuna kallon juna, don haka kar ka haɗa shi da ranar tashin jirginka.