Kurakuran da aka fi yi game da kundin Past Masters na Beatles

Mutane da dama kan ga 1988 a jikin kundin Past Masters su ɗauka a shekarar aka rera waƙoƙinsa, alhali ƙungiyar Beatles ta birnin Liverpool ta watse tun 1970, John Lennon, ɗaya daga cikin mawaƙanta, kuma an kashe shi a 1980. Abin da aka yi a 1988 shi ne tattaro waƙoƙin da suka fito tsakanin 1962 da 1970, galibinsu a ƙananan faifan garmaho masu waƙa ɗaya a kowace fuska, waɗanda ba su samu shiga manyan faifan ƙungiyar ba. Don haka kowace waƙa a nemi tata shekarar.

Kuskuren da ya fi wannan nauyi, a ganina, shi ne jingina wa Lennon da abokin waƙarsa Paul McCartney duk abin da ke cikin kundin, domin yin hakan tauye haƙƙin masu waƙa ne. "Long Tall Sally" ta Little Richard ce tun 1956, "Matchbox" da Ringo Starr, mai gangar ƙungiyar, ya rera Carl Perkins ne ya fitar da ita a 1957, "Slow Down" da "Bad Boy" kuwa na Larry Williams ne. Dukansu Amurkawa ne da samarin suka taso suna sauraro. Maganin abin ba wuya: a karanta ƙananan haruffan da ke ƙasan sunan waƙa, inda ake rubuta mai ita, sa'an nan a nemi ta asalin a saurara.

Wasu kuma kan zaci kundin zaɓaɓɓun waƙoƙi ne, su nemi "Yesterday" su rasa, ba su san tana cikin faifan Help! ba.

Haka nan suna ɗaya ba ya nufin ɗauka ɗaya. A "Love Me Do" ta wannan kundi Ringo ne ke buga ganga, amma a wadda ke babban faifansu na farko Andy White ne, wani makaɗi da ba ɗan ƙungiyar ba, Ringo na kaɗa tambourine, wato abin kiɗa na hannu mai kacau-kacau, kuma da ƙararsa ake bambance su. "Let It Be" ma biyu ce: ta nan George Martin ne ya haɗa sautinta, ta babban faifan 1970 kuwa ta bi ta hannun Phil Spector, inda jita ta fi tsage kunne.