Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Kare Kansa Daga Kuɗin Wuta Fiye Da Kima

Ka riƙa karanta mitarka da kanka a rana ɗaya ta kowane wata, ka ɗauki hotonta, domin idan kamfani ya kawo maka takardar biya ta ƙiyasi, hoton nan ne hujjarka. Ka ɗebe lambar watan jiya daga ta yau, ka ninka abin da ya rage da farashin yunit ɗaya, sannan ka kwatanta da abin da aka rubuto maka.

Idan ka ga bambanci, ka shigar da koke a rubuce, ka karɓi shaidar karɓa, amma ka ci gaba da biyan kason da ba ka musanta ba, saboda daina biya gaba ɗaya yakan ba kamfani hujjar yanke wuta. Idan kamfanin ya yi shiru, sai ka kai maganar gaban hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki.

Wanda bashi ya taru masa ya nemi biya kashi-kashi tun kafin a zo yankewa, ya kuma tambaya ko akwai rangwame ga masu ƙarancin amfani. A gida kuwa, dutsen guga da hita sun fi fitila shan wuta nesa ba kusa ba.