Kafa Starlink a Sakkwato: sarari, zafi da lissafin wuta

Duk wanda ya taɓa ɗaura dish ɗin kallo ya san ƙa'idarsa: a saita shi sau ɗaya, a ɗaure noti, an gama. Dalili kuwa shi ne tauraron da yake kallo yana can nisan kilomita 35,786, yana zagaya duniya daidai da juyawarta, don haka daga ƙasa kamar a tsaye yake. Irin wannan mazauni ne tauraron Najeriya NigComSat-1R, wanda aka harba a 2011, yake ciki. Taurarin Starlink, hidimar intanet ta kamfanin SpaceX, ba haka suke ba. Yawancinsu suna tsayin kilomita 500 ko kusa da haka, suna gudun da ya kai kilomita 27,000 a awa, suna kewaye duniya cikin kusan awa ɗaya da rabi. Kowane ɗaya mintuna kaɗan yake yi a samanka ya wuce. Dish ɗin kuma ba ya juya jikinsa ya bi su. A cikinsa akwai ɗaruruwan ƙananan eriya da ke karkata sigina ta hanyar lantarki, kuma duk daƙiƙa 15 tsarin yana sake raba wa kowa tauraron da zai kama.

Kusancin nan shi ne ribar. Saƙon da zai je tauraro mai nisa ya sauko, amsarsa ta sake hawa ta sauko, ya yi tafiyar kilomita 143,000, shi ya sa ake samun jinkirin fiye da rabin daƙiƙa, ka yi magana a kiran bidiyo sai ka jira. A Starlink tafiyar ba ta wuce 'yan dubban kilomita ba. Amma kusancin ne kuma ya jawo sharaɗin da ya fi wahalar da masu kafawa: dish ɗin ba aya ɗaya yake buƙata a sama ba, fili yake buƙata.

Masu gardama a majalisa sun fi son zancen roka, ko dawo da rokar SpaceX mai suna Falcon 9 ƙasa da aka fara yi a Disamban 2015 shi ne ya karya farashin harbawa, ko kuwa cika sama da dubban taurari rigima ce ake tara wa 'yan baya. Gardama ce mai daɗi, amma tun da aka buɗe hidimar a Najeriya a Janairun 2023, mafi yawan ƙorafin da mai gyara zai tarar a gida ba a sararin samaniya yake ba. Yana kan rufi, ko a ɗakin batir.

Wurin da za a kafa

Kafin ka kira mai walda, sauke manhajar Starlink a waya, ka hau daidai inda kake son kafawa, ka yi amfani da sashen duba cikas. Kyamarar wayar za ka ɗaga ka zagaya da ita sama, manhajar ta faɗa maka ko wurin ya yi. Ka yi gwajin a tsayin da dish ɗin zai zauna, ba a tsakar gida ba. Nau'in Standard na yanzu yana kallon fili mai faɗin digiri 110, wato reshen dogon yaro da kake gani can gefe kamar bai shafe ka ba yana iya kasancewa cikin hanyarsa. Abubuwan da suka fi tare sama a unguwanni irin su Mabera, Arkilla da Runjin Sambo su ne dogon yaro, tankin ruwan da aka ɗora kan ƙarfe, benen maƙwabci, da hasumiyar masallaci. Ƙaramin cikas ba ya hana karanta saƙo ko kallon bidiyo, domin bidiyo yana tara na gaba kafin ka iso. Kiran murya, taron Zoom da jarrabawar intanet su ne ke tsinkewa, daƙiƙa biyu ko uku duk lokacin da tauraro ya bi ta bayan reshen.

Ka tuna kuma itace yana girma. Wurin da ya ba ka sama fes a watan Maris, lokacin da aka sassabe rassa, zai iya cikewa da ganye a Agusta.

Wajen fuskantarwa kada ka bi na maƙwabci, kuma kada ka bi saitin dish ɗin kallo. Nau'in da ya gabata, mai injin juyawa a ƙafarsa, shi ke saita kansa, kar a murɗa shi da hannu. Na yanzu da ƙaramin nau'in da ake kira Mini da hannu ake juya su, manhajar tana nuna maka ɓangaren da za ka karkata har ta ce ya daidaita.

Zafi

Takardar kamfanin ta ce dish ɗin yana aiki har zuwa digiri 50 a ma'aunin Salshiyos. Mutumin Sakkwato zai ce ai da saura, tunda zafin Afrilu da Mayu arba'in da 'yan kai ne. Sai dai wannan ma'aunin na inuwa ne. Kwanon rufi da rana ta daka tun hantsi ya wuce haka nesa, ga shi dish ɗin kansa yana fitar da nasa zafin. Idan ya yi yawa sai ya rage ƙarfi, in ya ci gaba ya kashe kansa har ya huce. Alamar a bayyane take: intanet lafiya lau da safe da dare, amma daga azahar zuwa la'asar sai tsinkewa.

Maganin shi ne iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa. Kada a kwantar da shi kan kwano ko kan dakalin siminti da 'yar ƙafar da ya zo da ita. A sa mai walda ya yi sandar bututun ƙarfe mai kauri, a kafe ta jikin bango da ƙusoshi masu buɗewa a wuri biyu aƙalla, ta ɗaga shi kamar mita ɗaya sama da rufin. Kar a wuce gona da iri wajen tsayi in ba a sa wayoyin ɗauri ba, domin iskar hadarin farkon damina, wadda ke yaye kwano, ba za ta raga wa doguwar sanda ba, kuma sandar da ke rawa tana jawo tsinkewa ko da sama a buɗe take. Kada a yi masa rumfa, kada a rufe shi da buhu ko tabarma, kada a shafa masa fenti.

Akwai wani saiti a manhajar mai suna Snow Melt, wanda ke ɗumama fuskar dish don narkar da ƙanƙara. An yi shi ne don mutanen Kanada da ire-irensu. Ka kashe shi tun ranar farko, wutarka kawai zai ci.

Rautar kuwa, wato akwatin da ke raba Wi-Fi, a ciki za ta zauna, a sarari, ba cikin akwatin ƙarfe ba, ba kan inbata ba, ba jikin tagar yamma ba.

Ƙurar hunturu ba ta cika hana sigina ba, ta fi cutar farantan sola. Dish ɗin a zuba masa ruwa kaɗan a goge da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya yi zafi. Goge busasshiyar ƙura yana kankare fuskar. Ruwan sama mai ƙarfi shi ne ke raunana siginar, saboda zangon sigina mai suna Ku da ake amfani da shi ɗigon ruwa yana shanye shi. In hadari ya sauko intanet ya ɗauke na 'yan mintuna, ba lalacewa ba ce, kar a hau rufi.

Lissafin wuta

Nan ne aka fi tafka asara, saboda mutane suna saye kafin su yi lissafi. Nau'in Standard na yanzu yana cin wat 75 zuwa 100. Mai injin juyawa yana cin 50 zuwa 75. Mini kuwa 25 zuwa 40.

Mu ɗauki Standard a wat 90. A awa 24 ya ci wat-awa 2,160, wato wat 90 sau awa 24. Inbata tana zubar da wani kaso wajen juya wuta, tana kuma cin nata ko ba a jona komai ba, don haka ka ƙaddara 2,600 a rana. Daga ƙarfe biyar na yamma zuwa takwas na safe, awa 15 ke nan da sola ba ta ba da abin kirki, batir ne zai ɗauki wajen 1,600. Batir mai ruwa na bolt 12, amfiya 200, a rubuce yana riƙe 2,400, amma rabi ake ci in ana son ya yi rai, wato 1,200. Ɗaya bai isa ba ke nan, biyu ne. Wanda ya sa ɗaya zai ga yana aiki a watannin farko, daga nan sai ya fara mutuwa kafin asuba, a ce batirin jabu ne alhali yunwa aka gana masa. Zafi ma yana rage masa kwana, don haka a ajiye shi a ɗaki mai iska, a riƙa duba ruwansa duk wata, a ƙara ruwan batir tatacce, ba na rijiya ba. Batirin litiyam na bolt 24, amfiya 100, yana riƙe kusan 2,560, kuma ana iya cin kashi 80 cikin ɗari, shi kaɗai ya wadatar.

Farantan sola: rana ba ta yi mana rowa a nan, amma ka yi lissafi da awa 5 na cikakkiyar rana. Ka raba 2,600 da 5, ka samu 520. Zafi, ƙura da hazo suna cin kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda haka faranti biyu masu wat 400 kowanne shi ne daidai, da kwantirola, wato na'urar daidaita cajin batir, nau'in MPPT. Wannan na Starlink ne kaɗai. Fanka, firji da cajin wayoyin 'yan gida lissafinsu daban.

Inbatar ta zama mai tsabtatacciyar wuta, irin wadda ake jona wa kwamfuta. Kuma ko kana da wutar NEPA da janareta, ka bar na'urar a bayan inbata ko UPS, wato akwatin da ke riƙe wuta in an ɗauke. Duk ɗaukewar wuta, ko ta daƙiƙa ɗaya ce lokacin sauya layi, tana sa shi ya tashi daga farko ya sake neman taurari, mintuna sun tafi. Idan ba wanda ke amfani da shi da tsakar dare, saitin Sleep Schedule yana kwantar da shi ya rage cin batir.

Ga mai shago, ƙaramin ofis, ko gona a wajen Wamakko ko Gwadabawa, Mini ya fi dacewa da aljihu. Wat 30 a awa 24 ya kama 720 kacal, kuma yana karɓar wutar batir kai tsaye daga bolt 12 zuwa 48, ba sai da inbata ba. Faranti ɗaya mai wat 300 da litiyam na bolt 12, amfiya 100, sun riƙe shi. Tarkon da ke ciki ɗaya ne: doguwar wayarsa ta mita 15 siririya ce, in ka tura bolt 12 ta cikinta ƙarfin yana zubewa a hanya, sai ya riƙa mutuwa yana tashi. Ko dai a sa 'yar na'urar ɗaga wuta zuwa bolt 24 ko sama, ko a yi amfani da gajeriyar waya mai kauri.

Waya da Wi-Fi

Wayar da ke tsakanin dish da rauta ita ke ɗauke da wuta da bayanai tare. A zura ta cikin bututun roba, saboda rana, ɓeraye da awaki. Kar a lanƙwasa ta sosai, kar a matse ta da ƙofa ko taga. Kafin ta shiga bango a sakar mata ɗan lanƙwasa ƙasa yadda ruwan sama zai ɗiga a waje maimakon ya bi ta zuwa ɗaki. A tura kanta cikin dish har ya zauna daram, domin rabin shiga yana barin ƙura da laima. Sandar ƙarfen kuma a haɗa ta da ƙarfen da aka binne a ƙasa saboda tsawa.

Sau da yawa abin da ake kira raunin Starlink raunin Wi-Fi ne. Katangar ƙasa mai kauri da bulo mai ƙarfe a ciki suna kashe zangon 5 GHz, wanda shi ne mai sauri. Na 2.4 ya fi ratsa bango amma ya fi jinkiri. A gida mai zaure da sassa da yawa, kada a dogara da rauta ɗaya. A ja wayar intanet nau'in Cat6, wadda ke kai mita 100, zuwa kowane sashe a sa ƙaramar rauta. Ta yanzu tana da ramukan waya biyu a bayanta, tsohuwar kuwa sai an sayi mahaɗi daban.

Wa ke da iko da na'urar

Masu harkar kwamfuta sun rabu a kan wannan. Wasu na ganin rautar kamfanin ta isa. Wasu na cewa ba ta ba ka ikon raba ƙarfin intanet tsakanin mutane, sai yaro ɗaya mai sauke fim ya danne kowa. Masu magana ta biyu suna da gaskiya in masu amfani sun yi yawa, kuma mafita ita ce a kunna saitin Bypass Mode, wanda ke kauce wa rautar kamfanin, a jona wata rauta irin MikroTik. Ka sani dai da zarar ka kunna shi Wi-Fi ɗin rautar kamfanin ya mutu, ba ya dawowa sai an mayar da ita saitin masana'anta. Haka kuma a tsarin gida adireshin IPv4 ɗinka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet, na tarayya ne da wasu, don haka kyamarar tsaro da ake shiga kai tsaye daga waje ba za ta yi ba, sai mai bi ta manhajar kamfaninta. Sabunta manhajar cikin dish ɗin ma ba a neman izininka, iyakarka ka zaɓi lokacin da zai sake tashi, ka sa shi tsakar dare. Wanda ke shirin sayar wa unguwa intanet da tikiti, ya san cewa tsarin gida bai halatta sake sayarwa ba, kuma sana'ar tana ƙarƙashin lasisin NCC.

Na hannu kuwa, a yi hattara. Dish ɗin a ɗaure yake da asusun mai shi. Kafin kuɗi su fita, mai sayarwa ya buɗe asusunsa a gabanka, ya nuna babu bashi, ya sake na'urar, kai kuma ka shigar da lambarta a naka asusun ka ga ta karɓu. A garin da ke kusa da iyaka kamar namu, kayan da ke shigowa ta Illela na iya kasancewa da rajistar wata ƙasa, tsarin biyansu daban. Ka kuma duba taswirar kamfanin ka tabbatar ana karɓar sabuwar rajista a adireshinka.

Bayan kafawa, ba shi awa 12 zuwa kwana guda ya zana taswirar samansa, sannan ka buɗe sashen ƙididdiga. Yana rubuta kowace tsinkewa da dalilinta. In ja, wato alamar cikas, ya taru a gefe ɗaya na taswirar, sare reshen ko ƙara tsayin sanda. In tsinkewar ta rana tsaka ce, zafi ne. In agogon aikinsa yana komawa sifili, wuta ce ko kan waya, sai a fara da auna batir da asuba.